Su Dawo Mana da Shuɗinmu

Kai ma ka bi ta kan gadar nan, kada ka ce mini ba ka sani ba. Shekara da shekaru kana tsallaka ta, ruwan da ke bi ta ƙarƙashinta yau shuɗi, gobe ja kamar an yi yanka, jibi wani launin da ba shi da suna. Me ka yi? Ka toshe hanci, ka ɗaga kai kana karanta allon tallan da ke tsallaken titi. Yanzu da ruwan ya koma garai-garai, ka leƙa sau ɗaya, ka ce madalla an gyara, ka yi gaba. Wancan karon kau da kai ka yi. Wannan ma kau da kai ne, illa dai ka yi shi da murmushi.

To tsaya ka ji abin da ke bi ta ƙarƙashin ƙafarka, don ni na haɗa garin da ya wanke masa launi.

Ina karatun digiri na biyu a sashen sinadarai, ƙarƙashin wani malami da kowa ke kira Farfesa, har matarsa. Aikina a kan wani farin gari ne, titaniyam oksaid, irin wanda ke sa fenti ya yi fari. Idan aka haɗa shi ƙwayoyinsa suka yi ƙanƙantar da ido ba ya gani, yana da wata baiwa: haske na taɓa shi a cikin ruwa sai ya hau farfasa dattin da ke kusa da shi. Matsalarsa tsirfa. A duk hasken rana, ɗan tsagin nan da idonmu ba ya gani kaɗai ke tashinsa, sauran ya wuce shi a banza. Sai na cusa masa siriyam, ɗaya daga cikin ƙarafan da ake kira masu wuyar samu, ɗan kaɗan kamar gishiri a abinci. Garin ya tashi daga fari ya koma ruwan ƙwai, ya fara cin rana da gaske.

Ruwan kwatar nan daga kamfanin rinin yadi yake fitowa. Da labarin garin ya kai musu, suka ce mu zo mu nuna. Muka je da kwalba, aka cika ta da shuɗin ruwansu, na zuba garin, muka ajiye a rana a tsakar kamfanin. Kafin su gama shan lemo da gaishe-gaishe, kwalbar ta washe.

Manajan, wani mai ƙaton agogo da ba ya dubawa, ya ɗaga ta sama yana kallon Farfesa ta cikinta.

"Ikon Allah! Farfesa, wannan ai ko alwala sai a yi."

"Ranka ya daɗe, bai gama ba," na ce.

"Me bai gama ba? Ga shi ina ganin gemun malaminki ta ciki."

Aka bushe da dariya. Na jira ta lafa, na ce masa rini kamar sarƙa yake. Abu na farko da garin ke yi shi ne tsinka mahaɗin da ke ba shi launi. Sarƙa ta tsinke, launi ya tafi, amma guntayen suna nan suna yawo a ruwan, wasunsu ma sun fi uwar sarƙar mugunta. Sai ruwan ya ƙara daɗewa a rana, ninkin abin da ya yi, kafin garin ya cinye su.

Farfesa ya yi gyaran murya. "Ɗalibata ce, akwai ta da zuzzurfan bincike. Wannan za mu yi bayaninsa a rubuce."

Mun kuwa yi. Tsarin da muka ba su tafki biyu ne marasa zurfi, an shimfiɗa musu tayal da aka shafe da garin. Na farko ya cire launi, na biyu ruwan ya kwanta a cikinsa har dafin ya ƙare. Suka gina na farko. Filin na biyu suka yi masa rumfar kwano, ma'aikatan ofis na ajiye motocinsu a inuwa.

Ka san yadda suke gane ruwa ya isa a sake shi? Da farar tasa. Akwai wani dattijo mai kula da ƙofar tafkin, an ba shi farar tasa ɗaure da igiya. Ya zura ta ƙasa, in ya hango ta tar, sai ya murɗa ƙofa ruwa ya gangara kwata. Har sunan Mai Tasa ya bi shi. Ban ga laifinsa ba, abin da aka ce ya duba yake dubawa.

A ƙasan gada, inda kwatar ke yin kwana, Kawuna yake da lambu, ƙanin Ummata. Latas yake nomawa, da ɗan karas. Tun ina firamare nake ganinsa yana turo jarkoki a baro daga rijiyar burtsatsen da ke can kan tudu, kwata na gudu a gefen lambunsa bai taɓa ɗiban ko cikin cokali ba. Ba wanda ya karantar da shi. Ruwa ne shuɗi, ko akuya ba ta kusantarsa. Turin baron nan ya tanƙwara masa baya, har tafiyarsa ta koma ta mai neman abin da ya faɗi a ƙasa.

Wata safiya na biyo ta wajensa zan wuce makaranta, sai na tarar da injin ban ruwa a bakin lambun, jan fentinsa na ƙyalli, mesarsa ta zura kai cikin kwata. Kawu na tsugune yana ɗaura mata waya.

"Kawu, mene ne wannan?"

"A'a, Dakta! Ke nake jira ki sa albarka." Tun shekarata ta farko a jami'a yake kirana Dakta. "Aro na yi wajen mai tumatirin can. Yau baro ya huta, ni ma na huta."

"Cire ta."

"Na'am?"

"Don Allah Kawu ka cire ta. Ruwan nan bai gyaru ba."

Ya miƙe a hankali, hannu dafe da ƙugu. "Ke ba ke kika gyara shi ba? Na cika unguwa da baki, 'yar yayata ce ta wanke kwata. Har mai shayi ya daina karɓar gardamata. Yanzu ki zo ki ce me?"

"Launin kawai aka cire. Dafin na nan."

"Ina yake?" Ya ɗebo ruwan a tafin hannu ya miƙo mini. "Nuna mini shi."

"Zubar! Kada ka ƙara sa hannu."

"Da yana shuɗi kun ce guba. Ya yi fari kun ce guba. To wane launi zai yi ku 'yan boko ku ƙyale mutum ya sha iska?"

Na dubi fangalin renonsa. 'Ya'yan latas sun yi kore shar, sun isa dashe. Da zarar ya dasa su zai fara kwarara musu ruwan nan safe da yamma, da hannunsa da ƙafarsa a ciki, ganyen kuma ɗanye ake cin sa. Ni kaina daga lambun nan nake ci.

"Kawu, ba ka yarda da ni ba, na ji. Ka yarda da irinka?"

"Irina bai taɓa yi mini ƙarya ba."

"To ba ni ɗan kaɗan. Zan jiƙa shi da ruwa iri uku. Kada ka tada injin nan sai ka ga tsiron da idonka. In na kwata ya fito daidai da na famfo, ni da kaina zan ja maka igiyar inji."

Ya yi tsaki, ya zaro ƙullin iri daga aljihu, ya tsakuro mini kamar yana ba ni zinariya. "Dashen nan ba zai jira ki har abada ba. Mai inji ma ba kawunki ba ne."

Daga nan ofishin Farfesa na zarce. Na same shi yana gwada babbar riga a gaban gilashin kabad, wai za a karrama sashenmu saboda aikin kwatar.

"Malam, sun fara zura mesa a ruwan."

"Su wa?"

"Masu lambu. Har da kawuna."

"To ai nasara ke nan. Aikinmu ya isa ga talaka." Ya juya yana duba kafaɗar rigar. "Ta yi mini yawa ko?"

"Malam, kai ka koya mini cewa gushewar launi ba shi ne ƙarshen aiki ba. Kai ka faɗa a aji, har ka buga tebur."

"Na faɗa, kuma gaskiya ne. Amma ke yarinya, komai daki-daki ake yi. Jiya shuɗi, yau fari. Ki bar mutane su yi murna tukuna."

"A ba ni makullin ɗakin na'ura in auna abin da ya rage a ruwan."

Muna da na'urar da ke nuna ragowar dattin da ido ba ya gani. Tana nan a ɗakin ƙarshe an lulluɓe ta da kyalle, ana yaye shi ne kawai in manyan baƙi sun zo a nuna musu.

"Makullin na wajen mai kula da ɗakin."

"Ya tafi hutu."

"To kin gani."

"Ba wani makullin?"

"Akwai. Yana cikin ɗakin." Ya faɗi haka ko gezau, ya ci gaba da gyara wuyan riga.

Na fito ba makulli. Kashegari na je kamfanin. Sai da aka shanya ni a benci har inuwa ta bar ni kafin Manaja ya ce in shigo.

"Mai gari! Zauna. Kin ga aikinki? Mai duba muhalli ya zo, ya tsaya a kan gada ya leƙa, ya ce bai taɓa ganin kwata mai kyan tamu ba."

"Leƙawa ya yi?"

"To iyo zai yi a ciki?"

"Ranka ya daɗe, ina tafki na biyu?"

"Yana cikin shiri."

"Motoci ne a kansa."

"Shi ya sa na ce yana cikin shiri." Ya jingina da kujera. "Ke, bari in sauƙaƙa miki. Wannan abin da kika ce kin barbaɗa, siri me?"

"Siriyam."

"Yauwa. Ki ninka shi. Ki ninka sau nawa kike so, mu za mu sayo. In ya yi ƙarfi sai ya gama komai a tafki ɗaya."

Na ce masa ba haka yake ba. Ɗan kaɗan ɗin shi ne aikin. In ya yi yawa sai ya rufe fuskar garin, ƙarfin da haske ya tayar ya mutu a wurin kafin ya taɓa dattin. Na gwada da hannuna, na ga garin da aka cika wa siriyam ya fi wanda ba a sa wa komai ba lalaci. Abin da ruwan ke buƙata lokaci ne a rana, ba ƙari ba.

"Lokaci," ya ce, ya yi dariya. "Injinan rini ba sa tsayawa, Malama. In na riƙe ruwa a tafki, wanda ke biye da shi in zuba a aljihuna? Mutane launi suka yi kuka da shi. Launi ya tafi. Ko mutum ɗaya ya ƙara zuwa ƙofar nan da ƙorafi? Ke kaɗai ce."

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne gaskiya ya faɗa. Ni kaɗai ce.

Da zan fita na bi ta bakin tafkin. Mai Tasa ya zura tasarsa, ya hango ta, ya kama ƙofa zai murɗa.

"Baba, ka ɗan ƙara masa lokaci mana."

"'Yata, in tasa ta fito ban buɗe ba, ni za a buɗe wa ƙofa."

Na cika kwalba da ruwan da yake saki. Rabinsa na ajiye yadda yake. Ɗaya rabin na kai ɗakin gwaji na zuba a faffaɗan faranti mai garin, na bar shi a rana har ta faɗi, washegari ma haka. A gida na ɗauki farantan shayin Umma guda uku, na shimfiɗa auduga, na jera irin Kawu a kai. Ɗaya ruwan famfo, ɗaya ruwan kwata yadda Mai Tasa ke sakinsa, ɗaya wanda ya ƙoshi da rana. Na rufe su na ajiye a kan kabad ɗin falo.

"Farantan baƙina!" Umma ta ce da ta gani. "Duk kwanonin gidan nan ba ki ga na noma ba sai waɗannan?"

"Su ne girmansu ɗaya, Umma."

"Jami'a guda ba faranti? Ke dai Allah ya shirye ki. Kawunki ya aiko, wai bayansa na gaishe ki."

Kullum sai ya aiko. Yau a gaya wa Dakta latas ya fara tsufa a reno. Gobe a gaya wa Dakta mai inji ya fara gaisuwa da harara. Ina ji ina haɗiyewa. Na san yana can yana turin baro, inji na zaune a gefensa.

Ranar da tsiro ya isa gani, shi ya zo da kansa, ko sallamar kirki bai yi ba.

"Ina shari'ar? Yau ko dai in dasa ko in dasa."

Na sauko da farantan na jera a tabarma, ban gaya masa wanne ne wanne ba. Ya tsuguna da ƙyar. Na farko, saiwoyi farare dogaye sun kutsa cikin auduga, da ɗan gashinsu. Ya gyaɗa kai. Na uku ma haka, in akwai bambanci sai an sa ido. Na tsakiya ya daɗe a kansa. Da yawan irin bai fasa ba. Waɗanda suka fasa, saiwarsu guntuwa ce, ta murɗe, bakinta ya yi ƙasa-ƙasa kamar an ɗosana mata wuta. Ya ɗauki ɗaya ya ɗora a babban yatsa, ya taɓa, ta narke.

"Wannan wa ya yi masa haka?"

"Ruwan da ka miƙo mini a tafin hannu."

"Wannan fa?" Ya nuna na uku.

"Shi ne dai. Ruwa ɗaya ne. An bar shi ne ya gama."

Umma ta leƙo ta kan kafaɗarsa, ta ja baya. "Wannan farantin kada ya ƙara shigar mini kicin."

Kawu ya goge yatsa a gefen wando, ya ƙara gogewa. Ya ɗauki farantin tsakiya ya miƙe, na bi shi har lambu. Ya kwance wayar da hannunsa, ya jawo mesar daga kwata, ya naɗe ta ya ɗora a kan inji.

Na ɗauka zan ji sanyi. Sai da muka yi shiru na ji ƙarar. Daga ƙasan lambunsa har inda ido ya tsaya, injinan ban ruwa ne ke ta kuka a bakin kwatar. Mai tumatir ya sayo wani. Mai kabeji ya haƙa 'yar hanya ruwan na shiga fangalinsa da kansa. Can gaba wata mata ta baza wanki, hannunta har gwiwa a ciki.

Kawu ya bi su ɗaya bayan ɗaya da farantin Umma. Ina tsaye ina jiyo su.

"Irinka ne ya tsufa!"

"Kai dai ka saba da wahala, ba ka iya hutu ba."

"'Yar taka karatu ya yi mata yawa. Ruwa kamar hawaye?"

Mutum ɗaya ne ya kashe injinsa, shi ma ina zaton mai ne ya ƙare. Kawu ya dawo yana haki, ya miƙo mini farantin. Ya kama hannun baro, ya dubi tudun, ya dubi ruwan da ke wucewa yana walƙiya.

"Dakta."

"Na'am, Kawu."

"Da yana shuɗi ban taɓa yi wa kowa wa'azi ba. Kowa da idonsa." Ya tofar da yawu gefe. "Ki koma ki gaya musu, in ba za su gama aikin ba, su dawo mana da shuɗinmu."

Ya tura baronsa ya fara hawa. A yammacin ranar ya yi dashe, da ruwan jarka.

Na koma na faɗa. Manaja ya ce yana cikin shiri. Farfesa ya ce a bari a gama bikin karramawa. Makulli yana cikin ɗaki.

Saura kai. Latas ɗin da ke cikin firjinka, ka san daga wane fangali ya fito? Ba ka buƙatar digiri, ba ka buƙatar na'urar da aka lulluɓe da kyalle. Faranti biyu, auduga, da irin da za ka samu a kowace kasuwa. Gobe in ka iso gadar nan, sauka. Ɗebi ruwan a kwalba, kada ya taɓa maka hannu, ka jiƙa ɗaya da shi, ɗaya da na famfonka. In saiwa ta fito, ɗauki farantin ka taho ƙofar kamfanin, ka taho da maƙwabcinka. Za ka same ni a kan bencin. Kada ka bari a ba ka lemo, kada ka bari a nuna maka kwalba a rana. Ka nuna rumfar motocin nan da yatsa, ka ce a kwashe su a haƙa tafki na biyu, kuma kada ka tashi sai an faɗa maka ranar.